Wa Ya Naɗa Su Wakilai? Muhawara a Kan Sababbin Manyan Duniya Daga Kasuwar Kanan-Bakashe

Duk wanda ya taɓa zama a kasuwar Kanan-Bakashe da kaka, sa'ad da amalanke ke shigowa daga ƙauyukan Gulbin Kaba ɗauke da gero da wake da riɗi da tabarmin kaba, ya kuma kasa kunne ga abin da ke gudana tsakanin ma'auni da manomi, ya san cewa farashin da ake yankewa a bakin tiya ba a nan aka haife shi ba. Domin kuwa ma'auni yana sauraron Tasawa da Maraɗi, Maraɗi tana sauraron Jibiya da Dawanau ta Kano, su kuwa waɗannan idonsu yana kan canjin naira da Sefa da dalar Amurka, har maganar ta je ta tsaya a wasu zauruka masu nisa waɗanda babu ɗan ƙasar Mayahi ko ɗaya da aka taɓa kira ya zauna a cikinsu. Wannan kuwa ba baƙon abu ne gare mu ba. Iyakar da ta raba mu da ƴan'uwanmu na Katsina da Daura, Turawan Faransa da na Ingila ne suka shata ta a bisa takarda tsakanin 1898 da 1906, kakanninmu suna gona. Haka kuma ranar da aka ce wuri ya daina biyan haraji, ba a nemi fatawar kowa ba.

Mas'alar da ta raba kan masana a wannan zamani ita ce, ga waɗansu ƙasashe, irin su Sin da Indiya da Barazil da Turkiyya da Indunusiya da Afirka ta Kudu, waɗanda jiya-jiya ake lissafa su cikin mabuƙata, yau sun yi ƙarfi har suna neman a matsa musu a kan tabarmar da ake yanke hukuncin dukiyar duniya: shin zamansu a kan wannan tabarma alheri ne ga irinmu, ko kuwa adadin iyayen gida ne kawai ya ƙaru? Na ji ana wannan gardama cikin Faransanci a Yamai, na kuma ji ana yin ta a gindin gawo ba tare da an ambaci sunan wata majalisa ba, ana cewa dai Sinawa sun fi Nasara ko ba su fi ba. Ina so in shimfiɗa hujjojin ɓangarorin biyu gwargwadon iko, sa'an nan in faɗi inda zuciyata ta karkata.

Masu goyon bayan sababbin manya sukan fara da asalin tabarmar kanta. A watan Yuli na 1944, yaƙin Hitila bai ƙare ba, wakilan ƙasashe 44 suka taru a wani wuri da ake kira Bretton Woods a Amurka, suka kafa Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wanda muke kira FMI, da Bankin Duniya. Daga Afirka kuwa babu wanda ya halarta sai Masar da Habasha da Laberiya da Afirka ta Kudu ta Turawa, mu kuwa a lokacin dukiyar Faransa ne, ita ta yi magana da bakinmu. Aka kuma tsara ƙuri'a a bisa yawan hannun jari, har ya zama yau a FMI, Amurka ita kaɗai tana riƙe da fiye da kashi 16 cikin 100, alhali manyan hukunce-hukunce ba sa wucewa sai da kashi 85, wanda ma'anarsa ita ce tana da kujerar na-ƙi ko da duniya duka ta yi ijma'i. Sin, wadda ita ce ta biyu a ƙarfin arziki, ƙuri'arta kashi 6 ce da ɗoriya; Indiya, da ta shige Faransa da Ingila wajen yawan abin da take samarwa, har yanzu tana bayan kowaccensu a ƙuri'a; ƙasashen Afirka 54 in an tara su ba su wuce kashi 6 da rabi ba, ita kuwa Nijar rabonta bai kai ɗaya cikin dubu ba. Ga kuma wata al'ada da ba a rubuta ba amma ba a taɓa saɓa mata ba, cewa shugaban Banki Amurka ce ke kawo shi, shugaban Asusu kuwa daga Turai. Suka ce, wane alƙali ne zai dubi wannan rabo ya kira shi adalci? Ko gyaran da aka amince da shi a 2010 don a ɗan ƙara wa Sin da Indiya da Barazil, sai da ya yi shekara biyar yana jiran majalisar Amurka, bai fara aiki ba sai Janairun 2016.

Daga nan sai su koma ga abin da tsofaffin manya suka aikata da wannan iko, a nan ne kuwa hujjarsu ta fi kaifi, domin shaidunta suna raye a cikinmu. Dattawan ƙasar Tasawa da Mayahi sun san zamanin gyaɗa, lokacin da SONARA, wadda aka kafa a 1962, ke kafa sikeli a kasuwanni, manomi ya sayar ya biya haraji ya yi wa iyali tufa. Sun kuma san yadda Faransa ta janye farashin gata, fari na 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 suka ƙarasa sauran. Da kuɗin uraniyum ya faɗi a farkon shekarun 1980, gwamnati ta nufi ƙofar Asusu a 1983, aka ba ta bashi tare da sharuɗɗan tsuke bakin aljihu: aka rage hannun hukumar OPVN a cinikin hatsi, SONARA ta mutu, bankin BDRN ya rushe, ɗalibai suka fito suna ƙin tsarin da aka yi wa ilimi har aka harbe wasu a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairun 1990. Sai kuma ranar 11 ga Janairun 1994, a Dakar, shugabannin ƙasashen Sefa suka zauna da shugaban Asusu Michel Camdessus da wakilin Faransa, aka wayi gari tamma 100 ke sayen abin da tamma 50 ke saya jiya; wanda ya ajiye jika goma a ƙarƙashin tabarma don sayen magani ko taki, rabinta ya tafi yana barci. Mafi ciwo kuma shekarar 2005, bayan fara da ƙarancin ruwa na 2004: a cikin wannan hali aka ɗora harajin kashi 19 a kan madara da sukari da fulawa don cika alkawarin da aka yi wa masu ba da bashi, har jama'a suka rufe birane a watan Maris gwamnati ta ja da baya, aka kuma daɗe ana ƙin raba abinci kyauta wai kada kasuwa ta lalace, alhali kuwa a jihar Maraɗi, rumbun ƙasa, yara ke ƙanjamewa a bayan uwayensu. Suka ce, wanda ya ga wannan da idonsa, in an gaya masa wata ƙofa ta buɗe, ba ya tsayawa tambayar launin ƙyaurenta.

Ƙofar kuwa ta buɗe, ba za a yi musun wannan ba. Tun shekarun 1970 kamfanonin Yamma suka san akwai mai a ƙarƙashin rairayin Agadem, suka yi ta haƙa suna rufewa suna cewa ba zai biya wahala ba. Kamfanin CNPC na Sin ya zo a 2008, kafin ƙarshen Nuwamban 2011 matatar SORAZ ta fara aiki a arewa da Damagaram, tana iya tace ganga 20,000 a yini, sa'an nan aka shimfiɗa bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar teku a Benin, jirgin farko ya yi lodi a watan Mayun 2024. Gada ta biyu da ta uku a Yamai aikin Sinawa ne. Filin jirgin Diori Hamani, Turkawa suka sabunta shi a 2019. Amma hujjar da ta fi taɓa ni ba ta ƙarfe da siminti ba ce. Duk wanda ya kai shekara arba'in ya tuna sanƙarau na 1995 da 1996, wanda ya bi ƙasar Hausa gida-gida da bazara, ya kashe mutane wajen 25,000 a wannan yanki na Afirka. Allurar rigakafin da ta karya lagon wannan nau'in cuta, wadda aka fara yi wa jama'a a Burkina da Mali da Nijar a ƙarshen 2010, wani kamfani ne na birnin Pune a Indiya ya yarda ya haɗa ta a kan abin da bai kai rabin dalar Amurka ba kowace ɗaya, bayan manyan kamfanonin Yamma sun ga babu riba a ciki. Gaskiya ne kuɗin binciken daga Amurka ya fito, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta jagoranta. Sai dai ba don akwai masana'anta a ƙasar da ta san talauci ba, da maganar ta tsaya a takarda.

To, wannan ita ce da'awar ɓangare na farko, kuma ba da'awa ce marar shaidu ba.

Ɓangare na biyu ba sa kare tsofaffin manya, kuma kuskure ne a zaci haka. Abin da suke cewa shi ne an haɗa abu biyu da ba su zama ɗaya ba, wato ƙasa mai tasowa da ƙasa matalauciya, har ana ɗaukan nasarar ta farko tamkar nasarar ta biyu. Sukan ce, a tambayi jaki. Kowa ya san abin da jaki yake a ƙasa irin tamu mai rijiyoyi masu zurfi da hanyoyin rairayi: shi ne mai jan guga, shi ne mai kai taki gona, shi ne mai ɗauko itace da kaba, shi ne motar gwauruwa da marayu. Sai ga shi a ƙasar Sin ana dafa fatarsa ana fitar da wani magani mai tsada, jakunansu suka ƙaranta, fatake suka bazu cikin kasuwannin Sahel. A 2015 an fitar da jakuna wajen 27,000 daga Nijar, a cikin watannin farko na 2016 adadin ya kai 80,000, farashi ya ninka har sau uku ko fiye, wanda ya sayar ya yi murna kwana biyu, da ya koma neman wani sai ya tarar ya fi ƙarfinsa, tulu ya koma kan mata da ƴan mata. Dole gwamnati ta hana fitar da su a watan Satumban 2016, Tarayyar Afirka kuwa ba ta yi nata hanin ba sai Fabrairun 2024. Ba wanda ya zo da bindiga, ba wanda ya kafa sharaɗi. Ciniki ne da yardar mai saye da mai sayarwa, amma ƙarfin aljihun ɓangare ɗaya ya isa ya kwashe abin da al'umma ta dogara a kai cikin shekara biyu. Irin wannan ne ya sami masaƙun Kaduna da Kano da ta Yamai sa'ad da atamfar Sin mai araha ta cika kasuwa, ko da yake a nan, in za a faɗi gaskiya, attajiranmu na Maraɗi da suka riƙa tsallakar da ita ba su da bakin zargin kowa.

Sukan ƙara da shinkafa. Indiya ce ke da kusan kashi 40 cikin 100 na shinkafar da ake cinikinta tsakanin ƙasashe, kuma ranar 20 ga Yulin 2023 ta hana fitar da farar shinkafa don ta kare farashi a gida, kamar yadda ta taɓa yi a 2007 da 2008. Bayan kwana shida aka yi juyin mulki a Yamai, bayan kwana huɗu kuma CEDEAO ta rufe iyakoki, buhu ya yi tashin da kowane magidanci ya ji a jikinsa. Ba a ce Indiya ta yi zalunci ba, domin kowace hukuma talakawanta ne farillarta. Abin da ake cewa shi ne, ranar da maslaharta ta ci karo da tamu, ba ta aiko ta tambaye mu ba, kamar yadda ba a tambaye mu a Dakar ba.

Akwai kuma ƙissar auduga, wadda ta cancanci a riƙa karantar da ita. A 2003, a taron Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Cancun, ƙasashe huɗu maƙwabtanmu, Benin da Burkina da Mali da Cadi, suka kai kuka cewa tallafin da Amurka ke ba manoman audugarta yana karya farashi yana talauta nasu. Barazil, mai lauyoyi da ƙarfin ramuwa, ta riga ta shigar da ƙara, ta kuma yi nasara a 2004, aka tabbatar a 2005. Duniya ta yi ta tafi, ana cewa Kudu ta ka da Arewa. Ƙarshen al'amari, Amurka ta yarda a 2010 ta riƙa biyan wata cibiyar auduga ta Barazil dala miliyan 147 a shekara, a 2014 kuma ta ba da miliyan 300 aka rufe shari'a; aka ware ɗan abin da aka ware don taimakon fasaha ga Afirka, tallafin kuwa ya sake riga ya ci gaba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Game da cewa bashin sababbin manya ba shi da sharaɗi, suka ce a duba da kyau. Nijar ta ƙulla hulɗa da Taiwan a 1992, Sin ta tattara nata ya-nata ta tafi, ba ta dawo ba sai da aka warware wannan hulɗa a 1996. A watan Afrilun 2024, sa'ad da takunkumi ya bar baitulmali a bushe, CNPC ya ba gwamnati dala miliyan 400, amma da kuɗin ruwa kashi 7 cikin 100, a biya da ɗanyen mai cikin shekara guda. Bankin Duniya kuwa, duk da sharuɗɗansa masu ɗaci, rancensa ga matalauta na shekaru talatin ne ko fiye, da ruwa ɗan kaɗan. Ba a yi shekara da rancen na CNPC ba, a watan Maris na 2025, hukumomin Nijar suka sallami manyan jami'an Sin uku na kamfanonin mai, daga cikin dalilan da aka bayar har da tazarar albashi tsakanin baƙi da ƴan ƙasa. Zambiya ta kasa biyan bashi a Nuwamban 2020, ta yi fiye da shekara biyu da rabi tana jira Sin da Turawa su daidaita kan wanda zai fara yafewa. Hatta asusun ko-ta-kwana na dala biliyan 100 da ƙasashen BRICS, ƙungiyar da Sin da Indiya da Barazil da Afirka ta Kudu ke ciki, suka kafa a Fortaleza a 2014, an rubuta a cikinsa cewa ba a ba ƙasa fiye da kashi 30 na abin da take iya nema sai tana da yarjejeniya da FMI. Bankinsu na Shanghai kuwa mambobinsa yake ranta wa, Nijar ba ta ciki.

Masu goyon baya suna da raddi, kuma raddin yana da nauyi. Suka ce, ba mu taɓa cewa waliyyai ne ba. Cewa muka yi ma'auni biyu a kasuwa sun fi ma'auni ɗaya, ko da dukansu masu tauye mudu ne, domin manomi yana iya ɗaukar buhunsa ya matsa gaba. Suka ce kuma, ba don tsoron kada Afirka ta koma wani zaure ba, da ba a ba Tarayyar Afirka kujera a ƙungiyar G20 a birnin Delhi a watan Satumban 2023 ba, da kuma ba a ƙara wa ƙasashen kudu da Sahara kujera ta uku a majalisar zartarwar FMI a Nuwamban 2024 ba, bayan shekaru suna roƙo.

A nan ne nake ganin malaman fiƙihu sun riga sun ba mu ma'aunin da ya dace. A babin wakalci, ba a kiran mutum wakili sai mai haƙƙi ya naɗa shi, ya iyakance masa abin da zai yi, yana kuma da ikon tsige shi. Wanda kuwa ya sayar da kayan wani ba da izni ba, ko da nufinsa alheri ne, ko da ya samo farashi mai kyau, sunansa fuduli, wato mai shisshigi, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya cinikinsa a rataye yake har sai mai kaya ya ji ya yarda. To, wa ya naɗa Sin ko Indiya ko Barazil wakilan Kanan-Bakashe? Sa'ad da suka tashi a manyan tarurruka suna magana da sunan matalautan duniya, wace hanya muke da ita ta cewa ba haka muka ce ba? Faransa ta yi magana da bakinmu a 1944 ba mu aike ta ba, ban kuwa ga dalilin da zai sa hukuncin ya sauya don mai maganar yau ya taɓa ɗanɗana mulkin mallaka ba. Ɓangare na farko sun yi gaskiya cewa rabon ƙuri'a zalunci ne bayyananne, gyara shi wajibi ne, kuma yawan masu saye rahama ne ga mai sayarwa. Inda suka zame shi ne zaton cewa in an ƙara wa Indiya kashi biyu, wani abu ya shigo aljihunmu. A 2021, da Asusu ya raba dala biliyan 650 don rage raɗaɗin annobar korona, a bisa hannun jari aka raba, Afirka duka ta tashi da wajen biliyan 33. Da an ninka rabon Sin a wannan rana, da namu bai motsa ba. Ɓangare na biyu kuma, in suka zarce har suka ce duk ɗaya ne, sun yi wa uwayen da ƴaƴansu suka tsira daga sanƙarau rashin adalci.

Hukuncina dai shi ne a karɓe su a matsayin abokan ciniki, a yi murna da zuwansu, a ƙi su a matsayin wakilai. Amfanin ma'auni na biyu kuwa ba ya tabbata sai ga wanda bai ci bashin ɗayansu tun da damina ba, domin kowa a nan ya san wanda ya karɓi kuɗi a kan gero yana tsaye a gona, ba shi ke faɗin farashi da kaka ba. Ƙasar da ta jinginar da manta kafin a haƙo shi, halinta ke nan. Kujerar da aka ba Tarayyar Afirka ma, an ba da ita ne makonni kaɗan bayan Tarayyar ta dakatar da Nijar a watan Agustan 2023, saboda haka ko ta wannan ƙofa muryarmu ba ta shiga ba tukuna.

Roƙona ga hukumominmu, na yau da waɗanda za su biyo baya, guda ɗaya ne, kuma ba ya bukatar iznin Washinton ko na Bejin: duk yarjejeniyar bashi ko ta ma'adinai da za a ƙulla da sunan wannan ƙasa, da Bature ne ko da Basine ko da Balarabe, a karanta ta a rediyo da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu kafin a sa hannu, a faɗi nawa aka karɓa, nawa ne ruwansa, shekara nawa za a yi ana biya, me aka jinginar, domin masu biyan su ji da kunnensu tun ba a shafa fatiha ba.